Ranar da Malam Ya Yabe Ni a Gaban Mahaifina

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu Fulani ne da suka zauna suka kama noma a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. A cikin gida ana Fillanci ana Hausa, a waje Hausa zalla. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya kallona ido cikin ido, in kuma zai aike ni sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa ɗan tsohuwa ya kai wa maruƙa ruwa." Tsohuwar ita ce mahaifiyarsa, kakata, wadda aka miƙa mata ni tun daga yaye. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka duk mutumin kirki yake yi da ɗansa na fari. Amma je ka fahimtar da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya wannan. Ni dai abin da idona yake gani shi ne ƙannena suna hawa cinyarsa, ni kuwa in ya shigo ta ƙofa sai in nemi hanyar fita.

Boko ma ba shi ya sa ni ba. Mai gari ne ya bi gida-gida yana neman yara, kakata ta tura ni don ta huta da surutuna. Haka ta ce, kuma na yarda da ita.

Ina aji biyar, a tsakiyar shekarun saba'in, bayan farin nan da ya cinye mana fiye da rabin garke, aka kawo mana sabon malami. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Gagarawa, wata motar kaya ta ƙaraso da shi da akwatinsa na ƙarfe. Saurayi ne siriri, ɗan ma'aikacin reluwe. Ya tashi daga wannan tasha zuwa waccan, daga nan sai makarantar kwana. Hausarsa tsaf take, amma in ka saurare shi ba za ka ce ga garinsu ba. Tun daga nan mutane suka fara sa masa ido, don a wurinmu wanda ba a san gidan kakansa ba ba a gama saninsa ba.

Bai daɗe ba ya lura da mu huɗu: ni, da ɗan liman, da ɗan wani dillalin raguna, da 'yar maƙerin garin. Mu ne muke gama aiki kafin kowa, sai mu zauna ba abin yi, daga nan sai tsokana. Ni mintsini ne sana'ata. Ranar da ya ce mu huɗun mu dawo makaranta bayan la'asar, ban yi shakka ba duka ne. Har tsumma na cusa a wando.

Muka zo muka tarar da shi zaune a ƙasa, a gindin gawon da ke bayan aji, ba bulala ba littafi. A gabansa ga randa ƙarama ga bokitin ƙarfe, duka da ruwa. Ya ce kowa ya tsoma hannu a nan ya tsoma a can. Muka tsoma. Ya ce da safe ya cika su, daga rijiya ɗaya, ya ajiye su a inuwa ɗaya, to me ya sa na randa ya fi sanyi?

Ɗan liman ya ce haka Allah ya yi randa.

Malam ya ce, "Gaskiya ne. To ta wace hanya Ya yi ta haka?"

Ni ina ta kallon bayansa, ina neman inda ya ɓoye bulalar. Sai 'yar maƙeri ta shafa jikin randar ta ce ai tana gumi, bokiti kuwa ba ya yi. Malam bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Cewa ya yi, "Ta yaya za mu gane ko gumin ne?" Washegari muka jiƙa buhu muka naɗe bokitin da shi. Ruwan ya yi sanyi. Na tuna yadda gabana ya faɗi, kamar na kama wani yana sata.

Haka muka ci gaba. Wata rana ya kai mu kan hanyar Maigatari bayan 'yan kasuwa sun wuce, ya ce mu karanta masa yashi: me ya bi ta nan, da kaya ko ba kaya, wa ya riga wani. Wannan kam abincina ne, ɗan makiyayi. Na nuna masa jakin da ke ɗingishi da raƙumin da aka yi wa lodi ya karkata gefe guda. Wata rana mu yi dara, amma ya canza doka a tsakiyar wasa, ya ce mu gano dokar da kanmu daga yadda yake ci. Wata rana ya fara labari ya tsaya a tsakiya, ya ce kowa ya ƙarasa shi ta hanya uku, kuma kada biyu su yi kama. Ba ya ba da maki. Ba ya cewa wane ne na ɗaya. Duk abin da ka faɗa, komai kyansa, tambaya ɗaya ce take jiranka: "Ta yaya ka sani?"

Na so wannan zama fiye da abinci, ba zan ɓoye ba. A aji da safe ji nake kamar an ɗaure ni a turke, da la'asar ake kwance ni. Amma ko a lokacin hankalina bai kwanta da mutumin ba. Kowane malami da na sani yana son wani abu: a yi masa shiru, a ɗebo masa ruwa, a share masa ɗaki. Wannan ba ya aiken mu, ba a ƙara masa albashi, ga shi yana ɓata yammacinsa a kan 'ya'yan wasu. Na sha tsayawa ina kallonsa ta gefen ido ina cewa a raina, wannan akwai wata a ƙasa.

In ni yaro na yi wannan tunanin, sai ka ƙiyasta na manya. A bakin rijiya aka ce sojoji yake zaɓa wa gwamnati, don yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Aka tambaya, to yarinyar fa? Aka ce ita ce za ta riƙa yi musu allura. A majalisar ƙofar mai gari aka ce ɗan leƙen asirin masu tsaron iyaka ne, in ba haka ba me ya kai shi karanta sawun raƙuma a hanyar Nijar? Ranar da ya kawo wani tsohon kwaɗon ƙofa ya fasa shi da dutse don mu ga abin da ke motsi a ciki in an murɗa mabuɗi, kafin magariba labari ya zaga gari cewa ya fara koya mana fasa shago. Mai tireda ɗaya da muke da shi ya ƙara sakata a ƙofarsa.

Abin da ya fi damun kakata daban ne. Na ba ta labarin cewa na tambayi Malam me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, lokacin da kowane itace yake kore, sannan ya yi ganye da rani. Ya daɗe yana kallon itacen, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Mu yi tunani tare."

Ta ajiye mazarinta. "Malami ne ya ce bai sani ba?"

"Shi ne."

"A gaban yara?"

"A gabanmu."

"To maigida, ɗayan biyu ne." Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Ko dai ba malami ba ne, ko kuma ya sani yana ɓoyewa. Wanda ya ce bai sani ba so yake ka saki baki. Me ka gaya masa game da gidan nan?"

Na rantse ban gaya masa komai ba. Ta ce in ya tambayi yawan shanunmu in ce ban iya ƙirga ba. Bai taɓa tambaya ba, amma ita a wurinta wannan ma dabara ce.

Ɗan liman aka fara cirewa. Mahaifinsa ya faɗi wata magana a kan ganin wata, yaro ya buɗe baki ya ce, "Ta yaya kuka sani?" A gaban almajiransa manya. Mun ji kukansa har unguwarmu. Ba a jima ba dillali ya ga cewa kan da ya iya gano dokar dara zai iya gano ragon da aka ɗura wa ruwa, ya tafi da nasa kasuwar Maigatari. Muka rage ni da 'yar maƙeri. Ita mahaifinta bai damu ba, ya ce in dai za ta gama yi masa zuga da safe, ta je ta koyi fasa duk kwaɗon duniya, shi ne zai samu aikin gyara.

Nawa tashin hankalin daga wani wajen ya zo. Kowace shekara, in an gama girbi shanu sun cinye karan gonaki, baffana, ƙanin mahaifina, yakan kora garke zuwa fadamun Haɗeja, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Yana buƙatar yaro. Wanda yake bin sa ya yi aure ya ware. Wata rana ina bayan ɗaki ina ba akuya dusa na ji mahaifina yana ce wa kakata, "Bana ɗan tsohuwa ya isa riƙe sanda." Ta ce, "Uhm." Bai ƙara ba, ba ta ƙara ba. Na san abin da ake nufi. Yaron da ya bi shanu rani guda, a garinmu, da wuya ka sake ganinsa a kan benci. In na tafi, zaman gindin gawo ya ƙare, wataƙila makarantar ma gaba ɗaya.

Bayan wannan maganar ne mahaifina ya fara bayyana a bayan makaranta.

Akwai wani shingen ƙaya da ya raba filin makaranta da gonar mai gari. Muna zaune da Malam sai na hango hularsa ta malafa a bayan shingen. Yana riƙe da igiya, yana dube-dube kamar mai neman dabbar da ta ɓace. Ya tsaya, ya tsaya, ya wuce. Washegari ya sake zuwa da igiyarsa. Ba ya gaisawa, ba ya matsowa, fuskar nan a murtuke. Jikina ya ba ni cewa hujja yake tarawa. So yake ya gani da idonsa cewa wasan banza muke yi da yashi da tsakuwa, ya samu abin faɗa wa mai gari ranar da zai cire ni. Duk ranar da na hango malafar nan sai harshena ya yi nauyi. Na san amsa, amma in ƙi faɗa. Wani lokaci kuma in ɗaga murya da gangan, in ce bari dai ya ji, ko me zai yi ya yi.

Na kai ƙara wurin kakata. Ta ce, "Akuyar ubanka ce ta ɓace."

"Kullum?"

"Akuya ce mai son boko." Ta ci gaba da kaɗinta, ta ƙi kallona.

Malam ma ya lura. Ya tambaya ko wane ne mutumin nan da yake leƙenmu, don ya fara zaton cikin masu cewa shi ɗan leƙen asiri ne aka turo wani ya leƙe shi. 'Yar maƙeri, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta ce, "Babansa ne. Tura shi kiwo zai yi in an gama girbi."

Malam ya dube ni. "Gaskiya ne?"

Na gyaɗa kai.

"Bar ni da shi. Zan yi masa magana."

Na ce, "Malam, don Allah kada ka je."

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Ya ɗauka tsoron duka nake. Ni kuma ban san yadda zan yi masa bayani ba, don abin da ka tashi a cikinsa ba ka da kalmominsa. Ya ce, "Ba uban da za a gaya wa irin ɗan da Allah ya ba shi ya ƙi jin daɗi." Na sha tuna wannan maganar. Mutumin da ya koya mana kada mu faɗi abu sai mun tambayi kanmu ta yaya muka sani, shi bai tambayi kansa ba.

Da ya je gida ya samu kakata a zaure, da magana ta yi sauƙi. Da ya samu baffana, ko ya bi ta hannun mai gari a keɓe, da an san yadda aka yi. Shi kuwa sai ya zaɓi ranar suna. An yi wa mai gari haihuwa, maza sun cika ƙofar gida da safe, har da baƙi daga Gumel da Sule Tankarkar. An shimfiɗa tabarmi, an yi addu'a, ana rabon goro. Mu yara muna raɓe a jikin katanga muna jiran waina. Ina ganin Malam ya taso, ya ratsa mutane, ya durƙusa a gaban mahaifina da ladabinsa, ya gaishe shi. Har nan ba laifi. Sai ya ɗaga murya, don a ganinsa in jama'a suka ji, mahaifina zai ji kunyar cire ni.

Ya kira sunana. Ya ce, "Ɗanka ne, ko?" Ya ce tun da ya fara koyarwa bai ga kai irin nawa ba. Ya ce abin da yake ɗaukar manya kwana da kwanaki ni kafin a rufe baki na gano shi. Ya ce yaran garin nan duka in aka tara su ba su kama ƙafata ba. Ya ce in aka bar ni na yi karatu, wata rana da mota za a zo gaishe ni, kuma tura irina bin shanu asara ce.

Wani tsoho a gefe ya yi maza ya ce, "Tubarkalla, tubarkalla," ya tofa a ƙasa, don Malam bai faɗa ba ko sau ɗaya. Na ga dillali ya juyo yana nemana da ido a cikin yara. Na ga liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Iyayen yaran da aka ce ba su kama ƙafata ba duk suna zaune a wurin.

Mahaifina bai ɗago ba. Kunnuwansa kawai na ga sun yi ja. Can ya ce, a hankali, "Wane yaro?"

Malam ya sake faɗin sunana, har da nuna ni da hannu.

"Na tsohuwa ne," in ji mahaifina. "A tambaye ta." Ya tashi, ya zura takalmansa, ya bar goronsa a kan tabarma ya tafi.

Ban ci wainar ba. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da kakata ta hura garwashi ta zuba turare, ta kama ni ta tura kaina cikin hayaƙin har na yi tari. Tana yi tana faɗa. "Me muka tare masa? Me muka ci masa? Ya ɗauki yaro ya ajiye a tsakiyar bakin mutane. Ko saniya ce mai nono ba a faɗa a taro, balle mutum." A wurinmu baki abin tsoro ne. An yarda cewa yabo a bainar jama'a yana jawo ido, ido kuma yana karya abu, ko mai yabon bai yi nufin sharri ba. Ita kuwa ba ta ma yarda bai yi nufi ba.

Daga ranar garin ya canza mini. In na je rijiya sai wani ya tare ni ya ce, "Kai ne mai kan? To faɗa mana, guga nawa ne a cikin rijiyar nan?" A yi dariya. Matan da ba su taɓa kula ni ba suka fara tsayawa suna ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Wata ta ba ni ƙosai, kakata ta karɓe ta jefa wa kaji, ta tsaya tana kallon kajin. Ni ma na fara zargin kowa. In aka gaishe ni sai in ce me ake nufi, in ba a gaishe ni ba in ce ga shi an fara. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama ni. Zazzaɓin lokacin kaka ne da yake kama kowane yaro in sauro ya yi yawa, amma wa zai faɗa wa tsohuwa haka? Aka kawo rubutu na sha, aka ɗaura mini laya a damtse.

Ina kwance Malam ya zo. Hedimasta ya yi masa bayanin ɓarnar da ya yi. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, kakata ta fita, ina jin su ta bayan zana.

Ya ce, "Iya, na zo ba da haƙuri. Wallahi alheri nake nufi."

"Me za a ba ka?"

"Na'am?"

"In yaron nan ya zama abin da ka ce, kai me za a ba ka? Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Iya. Na ga yana da kai ne, na ji tsoron kada ya lalace."

"Mu ba mu gani ba? Ni na yaye shi. Tun bai iya ɗaura wando ba na san abin da ke kansa. Ka taɓa ji na faɗa?"

Ta ce ya gaida gida.

Ta dawo ta zauna a bakin gadona. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Mahaifina ba hujja yake tarawa a bayan shinge ba. Ba shi da halin ya tambaye ni me nake koyo, ba shi da halin ya tambayi Malam, ba zai iya tambayar kowa a gari ba tare da an ce ga wane yana bin ɗan farinsa ba. Sai ya ɗauki igiya. Da ya gama gani, ya hau jaki ya tafi Sule Tankarkar wurin ƙanwarsa, ya roƙa a ba shi ɗanta ya bi shanu bana a maimakona. An ba shi. An shirya yaron zai zo bayan kasuwar mako mai zuwa. Ba wanda ya sani sai ita da baffana, kuma da haka za a yi shi shiru, a ce tsohuwa ce ta hana a taɓa mata maigida.

"To ai shi ke nan," na ce, na yunƙura zan tashi.

"Kwanta. Ubanka ya aika a ce kada yaron ya zo."

Na tambayi dalili, ko da yake na riga na sani. In ya bar ni yanzu, gari zai ce an yabi ɗansa a taro kansa ya kumbura, ya ajiye nasa a inuwa ya tura ɗan ƙanwarsa rana. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi, ya ga zazzaɓin nan. Shi a ganinsa barina a garin nan, ina wucewa kullum ta gaban idanun da suka ji abin da aka faɗa, daidai yake da ajiye ni a bakin rijiya ba murfi. Gara in yi nisa har a manta.

Na yi kuka, na yi fushi. Na yi fushi da mahaifina, da gari, da tsohon da ya ce tubarkalla, amma na Malam ya fi. Har yau da furfurata ban gama yanke hukunci a kansa ba. Daga baya na ji cewa a wannan zangon ana jiran mai duba makarantu daga Gumel, kuma Malam ya shirya nuna mu a gabansa. To don ni ya yi, ko don kada abin nunawarsa ya bi shanu? Wata rana in ce mutumin kirki ne da bai san gari ba. Wata rana in ce ya so a san shi ne. Abin da ya koya mini da shi na ci abinci duk rayuwata, wannan ba na musu. Na koma makaranta bayan shekara biyu, da taurin kan kakata, na zauna aji ɗaya da ƙanina. Lokacin an daɗe da mayar da Malam wani gari, ba wanda ya san inda yake, ba kuma wanda ya sake tara yara bayan la'asar. 'Yar maƙeri ta ce bayan tafiyata ita kaɗai ta rage, sai hedimasta ya ce bai dace ba, aka rufe.

Ranar tafiya da sassafe muka kora. Kakata ta ƙulle mini fura a ƙwarya, ta ce in na dawo da ƙazanta ta sake ni, amma muryarta ba ta wasa ba ce. Mahaifina ya raka mu har bayan gari, kamar yadda yake raka garke kowace shekara. Yana gaba tare da baffana, ina can baya da maruƙa. Suna maganar wace saniya ce ke da ciki, wace mashaya za a guje wa. Ni ko waiwaye ban samu ba, ban kuma sa rai ba.

A inda gonaki suka ƙare ya tsaya. Shanu suka wuce shi, maruƙa suka iso, ni ma na iso. Ya juya mini baya sosai, ya fuskanci baffana, ya yi magana da Fillanci, da ƙarfin da ya san zan ji.

Ya ce, "Can inda za ku, ba wanda ya san shi. In an tambaye ka, ka ce dolo ne. Ka ce ba ya gane komai, shi ya sa aka cire shi daga boko. Ka riƙa faɗa a gaban mutane."

Baffana ya ce to.

"Kada ka bari ya yi magana a taro. In ya buɗe baki za su gane."

Ya gyara malafarsa ya kama hanyar gida. Na tsaya da sanda a hannu ina kallon bayansa. A duk zamana da shi, har ya bar duniya, wannan ne kaɗai yabon da na ji daga bakinsa.

Baffana ya cika alkawari. Tun a mashayar farko, mutane na tsaye, ya daka mini tsawa ya ce, "Kai dolo, tare maruƙan can." Na ce to, na tafi na tare su.